Wuyan Kwanso

A garejinsa na Lewistown, can Montana,
ƙanƙara ta toshe rabin taga,
Orval Tveit ya zube kwanson harsashi hamsin a faranti.
Duk an harba su, duk sun dawo gida.

"Tagulla tafiya take yi," in ji shi.
"Kowane harbi sai ta ɗan gusa gaba,
ta taru a gindin wuya, daidai kafaɗa,
ta yi zobe daga ciki, inda ido ba ya kai."

Ya zura ma'auni, ya murza kwanso a hankali.
Nan da kauri, can babu,
bambancin bai kai silin gashi ba.
Na ce, "Har wannan abin damuwa ne?"
Bai ɗago ba.
"Karkataccen wuya karkataccen harbi yake haifa.
Barewar da ka raunata ta tsere da jini,
ita ta san amsar."

Sai aski.
Wuƙar na feshe siraran zaren tagulla a kan benci.
"In za ka matse wuya, kar ka kai ƙasa.
In za ka aske, kar ka ci kafaɗa."
Ya kara bakin a harshen wuta
har launinsa ya koma na wuyan tattabara.

Bakwai ya ware, sun gaji.
Na bakwai ya daɗe a tafinsa,
na ɗansa Leland ne, tun kakar da bai dawo ba.
Ya jefa shi aljihun riga.
Shayinmu ya riga ya huce.