Akwatin da Ke Bayana

Kafin mai koko ta sauke tukunya
na tada babur.
Farin akwati a bayana, ƙanƙara a ciki,
yara na zaton kifi ne.
Kakin mutane nake ɗauka.

Zangon farko kemis ɗin Mannir, Ƙofar Marusa.
Da can in ka yi tari kwalba yake miƙo maka,
ka shanye, ka dawo, ya miƙo wata,
aljihu ya bushe, ƙirji na nan jiƙe.
Yanzu in tari ya haura mako biyu
sai ya mayar da kwalbar kan kanta,
ya ba ka 'yar roba mai murfi:
"Zaga baya ka tofa."
Gwamnati ta ba shi littafi da ɗan lada kan kowane suna.
Shi kuma ya ba ta abin da ba ta saya da kuɗi:
ƙofar da talaka ke shiga ba ya sunkuyar da kai.

Sai Rafindadi, asibitin Likita Sahura,
inda ko kati sai ka biya.
Amma akwai kabad ɗaya a lungu,
an rubuta da jan alli, ba na sayarwa ba.
Ɗaki nata, nas tata, wutar janareta tata,
ƙwaya da na'ura na hukuma.

Man babur ɗina, rabi nan, rabi can.
Watan jiya takarda ta kwanta kan wani tebur a sakateriya,
saura sa hannu ɗaya,
mai hannun ya tafi taro.
Kwana goma sha tara.
Tari bai san an rufe asusu ba.
Mannir ya ƙirgo daga cinikin dare,
Sahura ta cika, tana mita,
ta ce in rubuta, bashi ne, ba sadaka ba.
Na rubuta.

Kawuna Rabe baduku ne.
An ce sammu, an ce sanyi, an ce ƙurar fata.
Ya sayar da akuya biyu ya sha kwalabe,
ya rame har zobe ya bar yatsa.
Daga shagon da yake saye zuwa babban asibiti
ko jaki ba ya gajiya.
Ba nisa ya kashe shi ba.
Ba wanda ya haɗa wannan ƙofa da waccan.

Shi ya sa ba na tsayawa shan shayi.

A ɗakin gwaji suna karɓa da safar hannu,
lamba suke kira, ni na san fuska.
Arba'in da ɗaya, Tambai mai wankin hula,
wata shida yana haɗiyar ƙwaya gaban Mannir
kamar mai biyan adashi.

Jiya, wajen Ƙofar Ƙaura,
daga can tsallaken titi ya ƙwala mini kira,
sunana duka, har da na mahaifina,
numfashi ɗaya,
bai tsaya ya yi tari a tsakiya ba.