Ƙarfe Nawa?

Ba ta tambayi sunansa ba tukuna,
ba ta tambayi asalinmu ba.
Ta ce: Ƙarfe nawa kika gan shi lafiya?

Na ce, bayan asuba.
Ta ce, a'a, ƙarfe nawa?
Sai na tuna shayin.
Kofin ya suɓuce daga hannun Baba Tanimu
daidai sa'ar da rediyon maƙwabci ya buɗe labarun bakwai.
Ta rubuta bakwai a bayan hannunta da biro,
ta ɗaga ido ga agogon bango,
ta ce da masu tura gado: Ku yi gudu.

Gwaggo Lantana ta ce iska ce ta buge shi,
a shafa mai, a jira la'asar.
Ban yi mata musu ba. Mota na kira.
Daga Agege zuwa Idi-Araba
awa biyu muka ci a gosulo,
kansa a cinyata, bakinsa ya karkace
kamar ƙyauren da ƙusa ɗaya ta riƙe.
Mai rake yana ƙwanƙwasa gilashi,
Baba yana kallona, yana neman sunana
kamar mai lalube a aljihun da ya huje.

Dakta Morenike ake ce mata.
Gajeriya, takalmin roba, muryarta ba ta tashi.
Ɗalibai shida cikin fararen riguna na biye da ita
kamar balbelu a bayan saniya.
Da Baba na iya magana, shi zai fara faɗin haka:
shekara talatin yana dillancin shanu a Oko-Oba,
da ido yake auna bijimi, ba ya kuskure.

Ta kira ni gaban hoton.
Kan ubana ne, an ɓare shi biyu kamar goro.
Ta sa bakin biro a ɓarin hagu.
Gudan jini ne, in ji ta, bai kai ƙwayar dawa ba,
ya tsaya a tsakiyar titi.
Gosulon da kuka baro, ga shi nan ciki.
Bayansa akwai unguwar da magana ke zaune,
tun bakwai ba a kai mata ruwa ba.

Allurar ta ci kuɗin bijimi.
Abokan Baba suka haɗa ta waya,
ina sa hannu, hannuna na rawa,
ita tana ƙirga mintoci a fili
tana koya wa ɗaliban ƙirga su.

Kwana uku tana nuna masa cokali, ya ce ruwa.
Ta nuna makulli, ya ce ruwa.
Ta ce matse yatsuna, Baba.
Ya matse, kaɗan, kamar mai taɓa tumatir a kasuwa.
Ta juya ga ɗaliban: Kun gani? Jiya babu wannan.

Rana ta biyar wani ɗalibi mai wayo
ya buɗo hoton sa a wayarsa.
Baba ya dube shi tun daga tozo har kofato,
ya taɓe rabin bakin da ke taɓuwa,
ya ce: Ramamme.
Dakta ba ta jin Hausa sosai.
Na fassara, ta yi dariya har ta dafa gado.

Sunana sai rana ta tara.
Asabe, ya ce, da kyar, harafin tsakiya na jan ƙafa.
Ban amsa da wuri ba. So nake ya sake.

Ran da aka sallame mu
an shigo da wata tsohuwa daga Mushin,
ɗanta na bayani, kwana biyu ke nan, sun gwada na gida.
Na ga Dakta ta runtse ido, sau ɗaya tak,
ta buɗe, ta kama hannun tsohuwar,
ta mayar da biron aljihu.

Har yau hannun daman Baba bai riƙe kofi ba.
Ni ke ba shi shayi.
Kuma kowace safiya, ba tare da na shirya ba,
sai na kalli agogo.