Tafinta a Farin Gada

Ƙarfe goman dare, janareto na tari,
sanyin Jos na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.
A gabana rumbun bayanan 'yan gwari:
shekara tara na kabeji da karas da tumatir
a jere kamar kunyoyin gona,
lambar manomi, lambar buhu, kuɗi, kwanan wata.

Rumbun ba ya ƙarya, zumunci ne bai sani ba.
Ya rubuta "dankali" sau dubu arba'in,
bai san na Bokkos daban, na Hausa daban ba.
Ya san Kaneng ta kawo, Lantana ta kawo,
bai san rafi ɗaya suke ɗiba ba.

Sai na zana bishiyar ma'ana a bango da alli:
wannan jinsin wancan ne,
wancan ba ya son ruwa,
wannan kuwa sunansa uku, dukkansu gaskiya.

Davou ya ce mu kwashe komai,
mu gina sabon rumbu mai magana uku-uku:
wane, ya yi me, ga wa.
Na ce ƙaura ba ta rasa fasa tukunya.
Wa zai gaya wa Malam Tasi'u mai awo,
wanda da ƙyar yatsunsa suka saba da maɓallan nan,
cewa gobe a sake lale?

Sha'awa ta ce a ƙara shafi kawai.
Mun ƙara bara. Mun ƙara bariya.
Ɗaki kan ɗaki, har ƙofa ta ɓace.

Ni tafinta na zaɓa.
Kaya su zauna inda suke,
tambaya ta zo da harshen bishiya,
shi ya juya ta zuwa harshen layi,
ya dawo da amsa.
Yana da nawa, na sani.
Wani lokacin sai shayi ya huce kafin ya buɗe baki.
Kuma duk kalmar da na koya masa a karkace,
a karkace zai faɗa wa duniya.

Na gwada shi:
su wa ke shuka abin da marka ke ruɓarwa?

Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Sunaye goma sha bakwai suka fito,
na shida gwaggona ce.

A waje motar Bokkos ta fara sauke buhuna.
Ban kashe na'ura ba,
na ɗauki waya.