Baƙon Cikin Ɓargo

Ba wani babban kaya ta ɗauka ba.
Bokitin dankali ne, rabinsa ma ƙasa.
Ta sunkuya a bakin ƙofa,
sai muka ji ƙas,
kamar an karya tsinken ashana.
Innata, Eduvigis Cárcamo,
da ta shekara arba'in tana jan igiyar kwale-kwale a tsibirin Quehui,
ta tsaya tana hararar yatsanta na zobe
kamar ɗan da ya kunyata ta a gaban mutane.

Washegari muka bi jirgin safe zuwa Castro,
ruwan sama na dukan rufi, teku na dukan gindi.
A asibiti sai da aka yanke zoben aurenta,
ta karɓi gutsattsarin biyu, ta ƙulle a gefen gyale.

Likita Millaray Oyarzo ta ɗaga hoton ƙashi ga haske.
Can tsakiyar gaɓa, inda ɓargo ya kamata ya kwanta,
ga ɗan gajimare, bai fi ƙwayar wake ba,
da ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa gishiri.
Ta ce, ƙari ne.

Kalmar nan mun san ta.
Ita ta shigo gidanmu shekara tara da suka wuce,
ta fita da Baba a kafaɗun maza shida.
Inna ba ta yi kuka ba.
Jakarta ta gyara a cinya,
ta ce, saura wata nawa?

Likita ta ajiye biro.
Ba na daji ba ne, Uwa.
Ba ya yawo, ba ya aika 'ya'yansa huhu.
Guringuntsi ne, irin na kunne, irin na karan hanci.
Kafin ki yi ƙashi, da shi aka fara gina ki.
Da jiki ya tashi taurara, ɗan guntu ya makara,
aka rufe ƙofa yana ciki.
Ya zauna, yana faɗaɗa ɗakinsa sannu a hankali
har bango ya koma ɓawon ƙwai.

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan kuwa ya kwana ya hantse,
ya yi kitso da ita, ya yi aure da ita,
ya wanke mu muna jarirai,
ya rufe idon Baba,
bai taɓa ko tari ba.

Sai karayar ta haɗe tukuna, mako shida.
Sannan a buɗe 'yar taga a ƙashin,
a kankare shi da cokalin da bai kai na jariri ba,
a ɗebo ƙashi kaɗan daga wuyan hannunta a cike gurbin.
Za su duba abin da suka kwaso don a tabbatar.
Bayan nan, hoto lokaci-lokaci.

A jirgin komawa ta yi shiru har muka wuce gidajen kan turaku.
Hannu a ɗaure, a ƙirji, kamar mai rantsuwa.
Na ɗauka addu'a take yi.

Can ta ce, Fresia,
tsakanin ƙari ne da ba na daji ba ne,
na raba muku tumakina kaf.
Ke na ba wa baƙar nan mai yawan kuka.

Ta gyara gyale, ta dubi ruwa.
Na karɓe abina.
Kuma dankalin can yana nan zube a ƙofa,
na san ba wanda ya tsince.