Kwana Biyu a Sawakin

Jirgin Jidda ya yi latti, aka ce sai jibi.
Abokan tafiya suka baje tabarmi a tasha,
kowa ya yi matashi da jakarsa yana ƙirga awoyi.
Ni kuwa ƙafa ta hana ni zama.

Duk mai zuwa Sawakin ƙeya yake ba ta,
idonsa na kan teku.
An ce masa kufai ce, ya yarda.
Mai ƙoƙari shi ne ya tsaya a bakin ƙofar gari,
a ɗauke shi hoto, ya kakkaɓe riga ya koma.

Wani tsoho, Ohaj, da tsinken itace soke a sumarsa,
ya ce da ni, garin nan ba a ganinsa a tsaye.
Na durƙusa.
Ashe bangon da na raina, daga gindin ruwa aka saro shi,
ga bawon katantanwa a cikinsa,
ga ƙananan ramuka kamar saƙar zuma.
Mutane sun gina ɗakunansu da ɗakunan wasu halittu,
gishiri kuma yana karɓar bashinsa a hankali.

Ya nuna mini wata tsaga ƙarƙashin taga,
faɗinta bai fi yatsa ba, sumul kamar bakin rijiya.
Igiya ce ta ci wurin, in ji shi.
Wata mata ta shekara arba'in tana zuro kwando
mai kifi yana saka mata.
Ba wanda ya riƙe sunanta. Dutse ya riƙe hannunta.

Akwai ƙofa guda da gidanta ya zube ya bar ta,
tana tsaye, sama a gabanta, sama a bayanta,
kuma a kulle take.
Da safe na tarar an share bakinta.
Na tambayi mai sharar, Ohaj ya kalli gefe.

Kyanwowin garin ba sa jin kyas.
Suna zaune kan tarin duwatsu kamar masu karɓar haraji,
masunta na jefa musu kifin farko kafin a yi ciniki.
Wasu sun ce ba kyanwowi ba ne.
Ban yi gardama ba, na dai yi musu sallama.

Can bayan kasuwa na zauna shan gahawa mai citta,
ta ƙona mini harshe, na ce wash.
Mai gahawar ta ɗago kai. Ta ce, sannu.
Sunanta Yalwa. Hausarta ta tsufa fiye da ita,
irin wadda na ji rabona da ita tun bakin kakata.
Ta ce kakanta daga Haɗeja ya taso a ƙasa,
shekara bakwai yana noma gonar mutane yana matsowa.

Ta kai ni bayan wani masallaci da rufinsa ya faɗa,
ta ɗaga wani tsohon kwano da ke jingine.
Zane ne a bango, sanda sanda, da bakin wuƙa,
kowace sanda kwana ɗaya na jiran jirgi.
Na ƙirga har ɗari huɗu da tara, sai zanen ya tsaya.
Na ce, ranar ce ya haye?
Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu.
Ta ce, ranar ce ya ga kakata tana tallar ƙosai.

Jirgi ya iso da hantsi, aka yi ta turereniya.
Wani alhaji ya ce, malam, ina ka shige kwana biyu,
me ke akwai a wancan kangon?
Na duba gwiwar wandona, farin gishiri bai fita ba.
Na ce masa, kyanwowi.