Tabon Ƙugiya

A nan Yuli ne tsakiyar hunturu.
Na bar Turangi tana barci, hayaƙi na fita ta rufinta,
na ja wandon roba har ƙirji,
na shiga Tongariro kamar mai shiga gidan surukai,
a hankali, kai ƙasa,
ƙafa tana laluben inda ba za ta yi laifi ba.

Ruwan ya sauko daga duwatsu masu farin kai,
bai tsaya gaisawa da rana ba.
Ya kama gwiwata, ya kama cinyata,
ya tambayi shekaruna,
ƙasusuwana suka riga ni ba shi amsa.

Ƙanƙara ta toshe zobban sanda.
Na kai baki ina hura musu ɗaya bayan ɗaya.
Tara ne. Na ƙarshen ya fi taurin kai.

A tsallake Rawiri na tsaye, saba'in da shida,
bai ɗaga hannu ba, haɓa kawai ya ɗaga.
Gaisuwarmu ke nan, hunturu goma sha ɗaya.
Shi ya ɗaura min wannan ƙwaron ƙarya
da gashin wuyan zakaransa da kare ya kashe,
da jan zaren da ya warware daga hular Mereana,
wadda ta daina jin sanyi shekara huɗu ke nan.
Sau ɗaya ya taɓa koya min abu:
"Kada ka jefa da ƙarfi. Ruwa ba kurma ba ne."

Na kaɗa igiya baya, na jira ta miƙe,
na turo ta gaba, ta kwanta a kan ruwa
kamar layin da aka ja a takarda aka fasa rubutu.
Ƙwaro ya nutse, ya bi ƙasa, ya dawo babu labari.
Na sake. Na sake.
Yatsuna suka zama na wani,
hancina ya zuba ban sani ba,
na manta takardar asibiti da ke aljihun mota,
na manta ma wace rana ce.

Sai igiya ta tsaya.
Ba fizga ba, tsayawa kawai,
irin ta mai magana da ya ji an kira sunansa.
Na ɗaga sanda. Sanda ta rusuna.
Kwarkwaro ya fashe da kuka,
wani abu mai rai ya ɗauki hannuna zuwa gindin gurbi,
ya yi tsalle sau biyu, azurfa da ja,
ya watsa wa safiya ruwa a fuska.

Da na kwantar da ita a koma, mace ce,
turawut mai ɗige-ɗige, ciki cike da ƙwai,
jan zane a gefenta kamar an shafa da babban yatsa.
A leɓenta na ƙasa akwai tsohon tabo,
fari, ya warke a karkace.
Wani ya riga ni.
Ta san ƙarfe, ta san zafinsa,
ta kuma buɗe baki.

Ban yi mata dariya ba.
Ni ma likita ya ce in bar ruwan sanyi.

Na jiƙa hannu, na zare ƙugiya,
na riƙe ta tana fuskantar inda ruwa ke fitowa
har na ji ƙarfinta ya dawo cikin tafina.
Ta kaɗa wutsiya sau ɗaya.
Sai tafin hannu, sai tsakuwa, sai ruwa.

Rawiri bai tambayi girmanta ba.
Ya ɗaga filas sama, alamar shayi bai huce ba.
Gada tana da nisa,
ƙafafuna ba sa jin ƙasa,
zobban sanda sun sake toshewa.
Na kai baki, na fara daga na farko.