Abincin Dodo

Oga Dita, Bajamushen da nake tuƙawa a Apapa,
ya hango leda a kujerar gaba, ya ce ta mece ce.
Na ce turmin atamfa ne daga Balogun,
kwana uku ke nan Hansatu ba ta ce mini ci kanka ba.
Ya yi dariya har tabarau ya zamo masa kan hanci.
Wai a garinsu abin yana da suna:
Dirahanfuta,
abincin dodo,
abin da mai laifi ke turawa ta ƙofa
kafin ya sa ƙafa.

Na ce mu biko muka sani, Oga,
shi ma sai an yi yaji.
Tawa ba ta je ko'ina ba.
Daga Agege zuwa Funtuwa
kuɗin mota ya fi fushin tsada.

A kan doguwar gada danfo ya tsaya cak.
Ruwa baƙi a ƙasa, wani masunci na jan koma,
kwandasta na zagin direban tanka da Yarbanci,
ni ko ina juya kalmar a baki
kamar namijin goro.
A Oshodi na ƙara tsire na dubu biyu,
a tasha na ƙara burodi mai zafi,
ko dodon ya ƙara girma tun safe.

Babu wuta a layinmu.
Na same ta kan tabarma da fitilar waya
tana yi wa Sadi fifita da murfin kwali.
Ban ga hayaƙi a hancinta ba.
Na dai ga kwalbar magani a gefen filo,
ta ranar Asabar ɗin nan
da na ce ga ni nan zuwa,
ta goya shi jiki zafi rau, ta tari keke cikin ruwan sama,
ina gidan kallon ƙwallo, waya a kashe.

Ta buɗe atamfar, ta shafa, ta ninke.
Tsiren ta miƙa wa Iya Bose ta taga.
Ta ce, Tanimu, nawa ka kashe?
Na faɗa.
Ta ce, wanda nake jira ba a Balogun yake ba,
kalma uku ce, ko sisi ba a biya.

Janareton maƙwabta ya tashi.
Sadi ya yi tari, ya juya.
Jamusawa ko suna da suna
ga ƙato a bakin ƙofa, takalmi a ƙafa,
harshe ya yi masa nauyi kamar buhun siminti?
Burodin yana ta hucewa a hannuna.